Binciken da Baffa Ya Yi Mini a Bakin Kogi

Ni haifaffen Katagum ne, tsohon garin, inda in ka fito daga gidanmu ka ɗan taɓa tafiya sai ƙafarka ta shiga ruwa. Ina saurayi aka kawo ni Azare koyon ɗinki, na koya, na sayi kekena, na kafa rumfa a kasuwa. Azare gari ne mai albarka, ban taɓa kushe shi ba, amma ruwansa yana can ƙarƙashin ƙasa, sai ka saki igiyar guga har hannunka ya gaji kafin ku gaisa. Wanda ya tashi yana shaƙar warin laka yana jin kukan ɗinya da safe, in ka zaunar da shi kwana shida yana taka keke yana ƙura wa allura ido, akwai abin da ke tsuke masa a ƙirji. Nawa dai haka ya riƙa yi.

Bayan sojoji sun dawo daga yaƙi, manyan motocin katako suka yawaita a hanyar Jama'are, in ruwan sama ya ɗauke ke nan, don da damina hanyar ba ta biyuwa. Akwai wata da kan tashi da sassafe ranar kasuwar Jama'are ta dawo bayan la'asar, direbanta tsohon soja ne mai ƙarancin magana. Wata rana na rufe rumfa na hau. Da muka isa mashigin kogi, inda fasinja kan sauka su tura motar ta haye rairayi, na sauka da kowa, na tura da kowa, amma da suka hau ni ban hau ba. Direba ya leƙo ya tambaya ko wani abu na yar. Na ce a'a, in sun dawo dai su tsaya mini.

Daga mashigin nan in ka bi gaɓa ka gangara, ba nisa sai ka shiga gandun daji na hukumar En'e. An hana sara, an hana noma, an hana wuta, saboda haka itatuwan wurin sun sami sarari sun yi yadda suke so: tsamiya, kanya, marke, ga giginya tsaye can sama. Wata 'yar hanyar shanu ce ke bin bakin kogin. Da rani kogin rairayi ne fari mai faɗi, ruwa na bin tsakiyarsa siriri, sai nan da can ka tarar da gurbi mai zurfi a gindin gaɓa, zalɓe na tsaye a ciki da ƙafa ɗaya. In yi ta tafiya har rana ta take, in yi azahar a gindin wata kanya, in sha furar da na saya wurin matan Fulani, in juyo in tari mota. Shi ke nan abin da nake yi, wallahi shi ke nan. Amma wannan ɗan abin shi ya kusa hana ni mata.

A wurinmu ba a tafiya haka kawai. Duk wanda ya gan ka da takalmi a ƙafa zai ce ina zuwa, kuma dole ka ba shi wani abu ya riƙe: gaisuwar mutuwa, suna, cin kasuwa, neman magani. Ko ƙarya ce za a karɓa. Ni kuwa da taurin kaina sai in ce babu, zan je in ɗan taka ne in dawo. Sai mutum ya dube ni tun daga hula har ƙafa, ya ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa majinyaci sannu. Kafin rani ya ƙare unguwa ta kasu uku. Wasu suka ce mace na ajiye a wata ruga, wasu suka ce masu dafa giya na gano a cikin daji, tsofaffin mata kuwa suka ce mutanen ruwa ne suka biyo ni tun daga Katagum.

Da ni kaɗai ne da ban damu ba. To a lokacin ina neman wata bazawara, 'yar wani Malam mai sayar da kanwa da gishiri a unguwarmu. Mace ce mai ƙaramin jiki da kaifin baki, kuma ina sonta ƙwarai, ita ma ba ta ɓoye nata ba. Matsalar ita ce mijinta na fari. Bawan Allahn nan ya fita wata safiya ya ce zai je Shira duba wani jaki, ba a sake ganinsa ba, sai bayan shekara biyu takardar saki ta iso daga can bayan Barno. Tun daga nan Malam ya tsani duk namijin da ƙafarsa ba ta zama. Ya ce 'yarsa ba yarinya ba ce, ita za ta zaɓa, amma shi ba zai sa albarka ga mai ƙafar yawo ba. Ita kuma ta ce ba za ta shiga gidan kowa ba sai da albarkar ubanta.

Ita ce ta ba ni shawarar kifi. Muna zance a zaurensu ta ce ita ba ta tambaye ni abin da nake yi a kogi ba, amma don Allah in riƙa dawowa da wani abu a hannu, ko tarwaɗa ce, mutane su sami abin kallo su ƙyale fuskata. Na ga hankali a maganar. Ranar kasuwa na nemi masunta na sayi tarwaɗa huɗu, na zura su a igiyar kaba, na sauka a tsakiyar tasha ina kaɗa su kowa ya gani. Unguwa ta yi ajiyar zuciya, aka ce ashe kifi yake zuwa nema, me ya hana shi faɗa tun farko.

Mako na zagayowa, kafin in sa ƙafa a mota mutum tara sun ba ni sautu. Wannan tarwaɗa, waccan karfasa amma mai ƙwai, liman kuma ya aiko a sayo masa marar ƙaya don haƙoransa. Na wuni ina ciniki da masunta cikin ƙudaje, ban taka ko'ina ba. A mota aka kore ni can baya wurin awaki. Duk wanda na miƙa wa nasa sai ya leƙa na maƙwabcinsa ya ce wancan ya fi girma. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani akawu da ya dawo mini da farar rigarsa da na ɗinka, ya ce tun da ya kai ta gida kyanwarsu ta hana ta sakat. A mako na huɗu na rantse ba ni ba kifi, har na cin tuwo sai da na yi wata biyu ban taɓa ba. Da na daina sai zancen ya fi na da muni, aka ce ai kifin ma rufa-rufa ce.

Nan ne Malam ya ce a yi bincike, ya ɗora wa ƙanensa aikin. Baffa, haka 'yar take kiransa, ni ma haka na bi. Dillalin shanu ne a kara, ƙato mai tumbi, wanda tafiyarsa ba ta wuce daga gida zuwa kara ba, ita ma a kan goɗiya. Malam ya zaɓe shi ne don ya ce mutumin da ke gane cutar da aka ɓoye a jikin saniya ba zai kasa gane ta tela ba.

Ranar da ya fara bi na, ya naɗa rawani ya ja amawali har bisa hanci, ya shige gidan gaba kusa da direba ya sunkuyar da kai, wai kada in gane shi. Rigar da ke jikinsa kuwa ni na ɗinka ta kafin Sallah, shuɗiya, har aljihunta ya ɗan karkace saboda ya tsaya a kaina yana ta azalzala ta. Ko a cikin taron Idi na hango aljihun nan na san nawa ne. Amma suruki ne, akwai kunya, sai na yi kamar ban gani ba na haye baya. A mashigi muka sauka muka tura, shi bai tura ba, ya ɗauki buta ya zaga bayan wani kurmi ya yi zamansa har mota ta tafi.

Na kama hanyata, ya biyo ni daga nesa. In na waiwaya sai ya maƙale a bayan itace, kuma don rashin sa'a kullum sai ya zaɓi siririya, tumbi ya fito ta nan, rawani ya fito ta can. Da farko dariya ta kama ni, daga baya raina ya ɓaci. Na ce ni da ban ci na kowa ba, ni ake bi kamar ɓarawon akuya? To, tunda tafiya ake so a gani, bari a gan ta. Na bar hanyar shanu mai kyau na kutsa cikin ƙarangiya. Na gangara rairayi inda ƙafa ke nutsewa har idon sawu. Na haye ruwan, na sake hayowa, ba don komai ba. Ina jin numfashinsa a bayana kamar zugazugin maƙeri, ni kuwa sai ƙara sauri nake yi. Allah ya yafe mini, na ji daɗin abin.

Can sai na daina jin numfashin. Na tsaya na saurara, shiru. Na ce shi ke nan, na kashe ƙanen uban matar da nake nema. Na koma da gudu na same shi a gindin kanyar da nake salla, rawani ya warware, takalma a hannu, shuɗiyar rigar da na ɗinka masa ta zama ta ƙarangiya tun daga wuya har ƙasa, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Kunya ta rufe ni. Na tona rairayi da hannu har ruwa ya tsattsafo, na jira ya kwanta, na cika butarsa na ba shi. Ya shanye, na ƙara. Sannan na kama shi muka gangara bakin gurbi ya tsoma ƙafafunsa da suka kumbura, ni kuma na durƙusa ina cire masa ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce wa wani ya aka yi ka zo nan.

Da ransa ya dawo ya ce, “Kai tela, tsakaninka da Allah, tana ina?”

Na ce, “Wa ke nan, Baffa?”

Ya ce, “Matar. Ko bukkar masu giyar. Ko wacce ce ka nuna mini in huta, ƙafata ta mutu.”

Na rantse masa babu ko ɗaya, tafiya kawai nake yi ina kallon ruwa. Ya dafe kai. Ya ce shi da mace ce da ya fi so, don wannan cuta ce da manya suka san maganinta: a kira ka a yi maka tatas, ka tuba, a wuce wurin. Amma babu fa? Ta yaya zai ɗauki babu ya kai wa Yayansa, bayan ya hau mota ya lalata riga?

Muna cikin haka sai ga mai tsaron gandu, wani dogon Bafulatani cikin kaki, da sanda a kafaɗa. Ya gaishe da Baffa da ladabi, ni kuwa ya dube ni da gajiya. Baffa ya ga dama ta samu, ya tambaye shi ko ya san ni. Mutumin ya ce ya san ni mana, tun bara yake bi na. Ya nemi gatari bai gani ba, ya nemi tarko, ya nemi ashana, ko asuwaki ban taɓa karya ba. Ya ce wata rana ya laɓe yana kallo na ina kallon zalɓe, har shi ya gaji ya tafi ya yi salla ya dawo, ya tarar da ni da zalɓen ba wanda ya motsa. Sai ya taɓa kansa da yatsa, ya gaya wa Baffa cewa abin a nan yake, amma kada ya ji tsoro, ba na duka. Ya yi mana sallama ya wuce. Ni da na zaci shaida za ta wanke ni, sai ga shi ta ƙara tura ni rami.

Ba yadda za a yi Baffa ya taka sai rana ta yi sanyi, saboda haka muka zauna. Ƙananan kifaye suka zo suna tsattsagar yatsunsa, ya janye ƙafa, ya sake mayarwa. Birai suka sauko ta wancan hayi suka sha ruwa suna hararar mu. Gauraki biyu suka wuce ta kanmu. Can ya ce, ba da ni yake ba, shekara talatin yana kara bai taɓa zama inda ba wanda ke kiran sunansa ba. Daga nan barci ya ɗauke shi a zaune, sai da na tashe shi don kada mota ta bar mu. Ya sake naɗa rawaninsa ya shige gaba, na haye baya, muka shiga Azare ba mu san juna ba.

Washegari na je zance. Ta ce Baffa ya gaya wa Malam babu mace, babu giya, amma al'amarin yana da zurfi, bai gama ganewa ba, sai ya sake komawa. Na ce to, mako ɗaya ba komai.

Ya koma. Ya sake komawa. A karo na uku ya bar rawanin a gida. A na huɗu ya zo da tsofaffin takalma da 'yar tabarma a hammata, a na biyar da kilishi a ƙunshe cikin takarda. Ya daina bi na a baya, ya dawo gefena, yana nuna mini itatuwa da sanda yana faɗin wanda shanu ke so da wanda ke kumbura musu ciki, ashe ya yi kiwo yana yaro. Har rumfata ya zo ya ce in ɗinka masa 'yar shara gajera wadda ƙarangiya ba za ta kama ba, ya ce ta aikin bincike ce. Tumbin ya fara sauka, zariyar wandonsa ta yi masa tsawo. In mun dawo kuwa sai ya wuce zauren Malam kai tsaye, ya zauna ya girgiza kai, ya ce, Yaya, akwai sauran abin da ban gane ba.

Ni wawa ban farga da wuri ba, don gaskiya ina jin daɗin tafiya da shi. Ita ce ta farkar da ni. Wata huɗu ana abu ɗaya, gari ya ɗauka cewa mutumin da aka yi wata huɗu ana bincikensa ba ƙaramin abu ya binne ba. Ga wani mai hatsi daga Zadawa ya fara aiko da goro, mutumin da aka ce ko ƙofar zaurensa ba ya son wucewa, Malam kuwa har ya fara yabon natsuwarsa. Ya ce in ruwan fari ya sauka Baffa bai kawo magana ɗaya ba, shi ya cire hannunsa daga zancena. Ranar ta tare ni a zaure ba ta ko shimfiɗa mini tabarma ba. Ta ce in ni da Baffa muka fi dacewa in gaya mata, ita za ta yi mana guɗa. Na buɗe baki zan yi dariya sai na ga idonta ya kawo ruwa. Na koma gida ban ci tuwo ba, tsoro ya kama ni sosai cewa zan rasa ta.

Ranar kasuwa ta gaba muka sauka a mashigi, zafin bazara kamar ya dafa mutum, gabas ta fara haɗa gira. Ba mu yi nisa ba na hango shamuwa guda a kan rairayi, ta farko a shekarar, kowa kuwa ya san in ta iso ruwa na bayanta. Baffa ya nuna ta da sanda yana murna. Ni kuwa nan na tsaya na yi abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Na ce ya san babu abin da nake yi, ya sani tun ranar farko, ya ci kilishi a kan aurena wata huɗu, yanzu ga ruwa zai sauko a ba mai hatsi. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba.

Bai yi fushi ba. Ya shimfiɗa tabarmarsa ya zauna, ya daɗe yana tona rairayi da sanda. Sannan ya ce, “In na ce wa Yaya lafiyarka ƙalau, mako mai zuwa in na zo hawa mota aka ce mini ina zuwa, in ce me?”

Ya ce ni tela ne, in an ce kaina da motsi ba abin da zai hana a kawo mini ɗinki, tunda allura ba ta tambaya. Shi kuwa idonsa yake sayarwa. Ranar da aka ji dillali yana hawa mota ya je ya zauna yana kallon birai, ba Bafulatanin da zai sake miƙa masa igiyar saniya. Ya ce ya san ya zalunce ni, kullum in ya nufi zauren Yaya da niyyar faɗin gaskiya yake zuwa, sai ya tuna kogin, sai bakinsa ya ce akwai saura. Haushinsa bai bar ni ba, amma na gane, don ciwon da ke damuna ne ya kama shi, kuma ni na sa masa.

Dillali dai dillali ne, kafin mu kai gindin kanya ya ƙulla ciniki. Ya ce zai gaya wa Malam ya gama bincike: yaro mai salla ne, mai sana'a, ba ya sha ba ya neme-neme. Sai dai akwai ɗan abu kaɗan, iskar ruwa ta shafe shi tun yana ƙarami a Katagum, takan kira shi sau ɗaya a mako. In an bar shi shi kaɗai ba a san inda za ta kai shi ba, amma in babba na tare da shi yana yi masa addu'a, bayan la'asar yana gida. A ba shi matar, shi Baffa ya ɗauki wannan wahala saboda zumunci. Ya ce wannan ne kaɗai zancen da zai kwantar wa Yaya da hankali, don abin da Yaya ke tsoro shi ne miji ya fita ba mai riƙe da igiyarsa.

Na ce wato in yarda a kira ni mai taɓin hankali har in mutu. Ya ce ɗan kaɗan ne, ba mai yawa ba, shi zai san yadda zai auna shi. Na ce sai na tambaye ta.

Da na gaya mata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa ta riƙe ciki. Da ta nutsu ta share ido ta ce ita ta zauna da mai cikakken hankali ta ga ƙarshensa, a ba ta wanda ke dawowa bayan la'asar. Aka ɗaura aure kwana tara kafin ruwa ya rufe hanya.

Na sami matata, kuma ban taɓa nadama ba ko da rana ɗaya. Amma na biya. Aka riƙa jan kunnen yaran unguwa kada su yi mini surutu ranar kasuwar Jama'are. Masu kawo ɗinki suka koma yi mini magana a hankali, in na yi faɗa a kan wani abu, ko da gaskiyata, sai a ce a ƙyale shi, ranar ce ta kusa. Duk jajibirin tafiya surukina zai aiko mini da rubutu a ƙwarya, kuma ɗan aiken ba ya tafiya sai ya ga na shanye. Na sha wankin allo a rayuwata wanda zai ishi unguwa guda. Baffa kuwa sunansa ya tashi. In ana zancen masu riƙon zumunci a ƙofar masallaci da shi ake misali, ga mutum da girmansa da jikinsa, duk mako yana bin mijin 'yar wansa cikin daji ba ya ko ƙorafi. Yana zaune yana jin su, ya sunkuyar da kai ya ce ai lada yake nema. Rani bakwai muka yi haka, ni da shi, kuma ban taɓa yin aboki kamarsa ba.

A na takwas ciwo ya kwantar da shi tun kafin a gama girbi. Ranar da jikin ya yi tsanani, da hantsi, aka tara dangi a ɗakinsa, ina tsugune a bakin ƙofa. Ya sa aka ɗaga shi aka jingina, ya kira Malam ya kama hannunsa. Muryarsa ta yi ƙasa amma kowa ya ji.

Ya ce, “Yaya, akwai hakkin da zan sauke. Yaron nan lafiyarsa ƙalau, bai taɓa yin iska ba. Ni na ƙaga. Ni nake son kogin.”

Na ce a raina yau dai za a mayar mini da hankalina a gaban jama'a. Malam ya daɗe yana kallon ƙanensa, hawaye na bin gemunsa. Sai ya juyo ga mutane ya ce, “Kun ji ɗan'uwana. Yana wannan hali ma rufa wa yaron asiri yake yi.”

Mata suka fashe da kuka, maza suka yi ta Allah sarki, kowa ya juyo yana duba na da tausayi. Baffa ya ɗago ido ya dube ni, na dube shi. Ya ɗan buɗe tafin hannunsa a kan bargo, wato ka gani dai, na gwada. Na gyaɗa masa kai. Bayan kwana biyu ya rasu.

Da aka share makoki hanya ta bushe, mota ta fara tashi. Ranar kasuwa na sa takalmi na tafi tasha, dangi na bi na da ido don ba a tsai da wanda zai gaje shi wajen raka ni ba. Tsohon sojan ya gan ni ya ɗaga mini hannu. Na tsaya ina kallon gidan gaba, wani mai albasa ya zauna a wurin yana gyara hula. Na daɗe a tsaye har aka gama lodi. Sannan na juya na koma kasuwa na buɗe rumfa, na zauna a kan keke ban ɗinka komai ba.

Kafin azahar labari ya kai wa surukina cewa iskar ta sake ni. Ya sa aka yanka rago, ya ce albarkacin Baffa ne, aka aiko mini da cinya guda har rumfa. Na ci naman ina kuka, suka ce na murna ne.